Shafi ya burge Alhaji, baƙo kuwa ya juya

Rana ɗaya tak ake yi wa shafin intanet jarrabawa a garin nan na Katsina, ita ce ranar biyan cikon kuɗin aiki. Matashin da aka ba kwangilar zai zo da laftof ɗinsa ofishin mai makaranta ko mai otal, ya zauna ƙarƙashin fanka, ya buɗe shafin a kan faffaɗan allo. Hotuna na wucewa ɗaya bayan ɗaya, tambarin kamfani na juyawa, ga hoton mai gida ya sha babbar riga, ga jawabin maraba a ƙasansa. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, aiki ya yi, Allah ya yi maka albarka." Yaro ya russuna ya ce, "Amin, ranka ya daɗe." A tura masa kuɗinsa, shi ke nan an wuce wurin.

Mutum ɗaya ne ba a gayyata zaman ba, alhali dominsa aka yi aikin. Shi ne uban da ke Jibiya yana son sanin nawa ne kuɗin zango kafin ya kashe kuɗin mota. Shi ne matafiyin da motarsa ta baro Kano da la'asar, yana neman ɗakin da zai kwana idan ya iso Katsina. Ita ce matar da ke Daura da aka ce mata akwai mai sayar da atamfa wajen Ƙofar Ƙaura, tana son ganin kaya kafin ta tura ko sisi. Dukansu da waya za su shigo, galibi Tecno ko itel ko Infinix, da 'yar datar da suka saya ta kwana ɗaya ko ta mako, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa.

Masu magana kan tsara shafuka sukan jero kurakuran kamar kowanne zaman kansa yake yi: nauyi, ƙananan rubutu, tallan da ke rufe allo. A ganina, a wurinmu uwarsu ɗaya. Wanda ya biya kuɗin shafi daban, wanda zai yi amfani da shi daban, mai ginawa kuma fuskar na farkon yake kallo. Shi baƙo ba ya kawo ƙara. Mai shago a Babbar Kasuwa yana ganin wanda ya taya kaya ya juya, har ya ɗaga murya ya ce dawo mu daidaita. Mai shafi ba ya ganin kowa. Mutum ya shigo, ransa ya ɓaci, ya danna ya koma baya, ya shiga WhatsApp ya tambayi ɗan'uwansa, kuma ba wanda zai taɓa sanin an yi haka.

Nauyi ne ke fara korar mutum, tun bai ga komai ba. A 2016 Google ya fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Mutanenmu sun fi haka haƙuri, jiran sabis ya zame mana jiki. Sai dai haƙurin lokaci daban, na aljihu daban. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ya ƙara sa ido a kan abin da ke cinye masa data. Wanda ya ga farin allo yana ta juyi ya san kuɗinsa ne ke tsiyaya.

Hoto ne kan gaba wajen jawo wannan nauyi. Hoton da aka ɗauka da kyamara ko da waya mai kyau yakan kai megabait 3 zuwa 5, wani ma ya wuce. Mai hoton da ya ɗauki bikin yaye ɗalibai ya kawo su a filas, mai gina shafi ya zaɓi goma ya ɗora a shafin farko yadda suka zo. Lissafin ba wuya. Kowane megabait megabit 8 ne, don haka inda sabis ya yi rauni har gudunsa ya dawo megabit 1 a daƙiƙa, hoto ɗaya mai megabait 5 zai ci daƙiƙa 40 kafin ya sauka. Goman za su ci sama da minti shida. Abin takaicin, wannan hoton da za a rage faɗinsa daidai fuskar waya, a adana shi da tsarin WebP da Google ya fitar tun 2010, zai iya dawowa ƙasa da kilobait 200, kuma ido ba zai ga bambanci a kan waya ba. Aikin 'yan mintuna ne, manhajojin yinsa kuma kyauta suke. Ana ƙyale shi ne saboda ba wanda zai gani ya yaba.

Bayan hoto sai lodin umarnin da ke aiki a bayan fage. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan manhajar gina shafuka ta WordPress aka gina su, kuma da shi yawancin matasanmu suka koyi sana'ar. Ba laifin WordPress ba ne. Laifin na ɗauko tsararren zubi ne da aka yi shi don ya dace da kowa, daga asibiti har gidan abinci, sannan a yi ta liƙa masa ƙarin manhajoji: wannan na sa rubutu ya yi shawagi, wannan na ƙirga baƙi, wannan na nuna agogo, kamar mai waya ba shi da agogo a saman allonsa. Hoto saukewa kawai yake buƙata. Umarnin da ke bayan fage kuwa, wanda ake kira JavaScript, sai waya ta sauke shi, ta karanta, ta aiwatar, kafin maɓalli ya amsa. Laftof ɗin mai aiki tana yin wannan cikin ƙiftawar ido. Wayar da ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 2 ce, ma'ajiyarta cike da bidiyon biki da wa'azi, sai ta sandare. Mutum ya danna, shiru, ya sake dannawa, shiru, ya ce "wayar nan ta fara iskanci", ya fita.

Akwai dalilin da ya sa shi mai ginawa ba ya ganin wannan, kuma ba lallai ha'inci ba ne. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, tana ajiye kwafin hotuna da fayilolin shafin da ta taɓa buɗewa, don kada ta sake sauke su. Wanda ya buɗe shafinsa sau ba adadi lokacin aiki, kusan komai na cikin na'urarsa, shi ya sa yake buɗe masa nan take. Baƙon farko kuwa komai daga tushe yake ɗaukowa, kuma tushen na iya zama wata na'ura a Amurka ko Jamus, inda hayar wurin ajiya ta fi araha. Duk buƙatar da waya ta aika sai ta bi layi zuwa Legas, ta shiga wayoyin ƙarƙashin teku, ta je ta dawo. Mun ga muhimmancin waɗannan wayoyi a watan Maris na 2024, lokacin da wasunsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta ɗingishi a Najeriya har bankuna suka ji a jikinsu. Kamfanoni irin su Cloudflare suna ajiye kwafin shafi a cibiyoyinsu na kusa, har da Legas, kuma suna da tsari na kyauta. Yawancin masu ƙananan shafuka ba a taɓa yi musu maganarsa ba.

Google na da ma'auni uku da yake duba shafi da su, kuma tun 2021 suna cikin abubuwan da yake la'akari da su wajen jera sakamakon bincike. Na farko, babban abin da ke kan allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Na biyu, wanda aka sabunta a 2024, idan an danna abu ya amsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Na ukun ya fi ba ni sha'awa, don kowa ya san ciwon ko da bai san sunansa ba: kada shafi ya riƙa zillo yana buɗewa. Ka ga rubutun da kake so, ka kai yatsa, sai wani hoto ko talla ya faɗo daga sama ya ture komai ƙasa, yatsanka ya sauka a wani wuri, ka tsinci kanka a shafin da ba ka nufa ba. Dalilinsa ƙarami ne, ba a ware wa hoton gurbinsa tun farko ba. Duk wanda ke da shafi zai iya sa adireshinsa a PageSpeed Insights, shafin gwaji na Google, ya ga makinsa kyauta, kuma ɓangaren waya ya kamata ya duba, ba na kwamfuta ba.

Maganar waya ta kai mu ga girman allo. Tun 2010 wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar gina shafi ɗaya da zai riƙa daidaita kansa da kowane allo. Shi kansa Google ya sanar a 2023 cewa ya kammala komawa duba shafuka da idon waya wajen tantance su. Duk da haka har gobe za ka shiga shafin wata makaranta ka tarar da jadawalin kuɗi ya fi allon faɗi, sai ka yi ta ja hagu da dama, kafin ka kai ga adadin ka manta ko layin wane aji kake bi. Mafi muni shi ne sanarwar da aka buga a takarda, shugaba ya sa hannu, aka ɗauki hotonta a karkace aka ɗora. Ba ta karantuwa sai an buɗa da yatsu biyu, ba a iya kwafar lambar asusun da ke ciki, Google kuma ba lallai ya kai mai nema gare ta ba. Jerin sunayen waɗanda aka ɗauka karatu ma haka, fayil ɗin PDF mai shafi da yawa, yaro ya sauke shi duka don ya nemi layi ɗaya.

Sai launi. Abin da ake yayi yanzu shi ne siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari, wai ya fi tsafta. A ofis mai labule yana da kyau. A fito da shi tsakar rana a watan Afrilu, a bakin titin IBB, a kan waya mai tsagaggen gilashi da aka rage wa haske don caji ya kai dare, sai rubutun ya ɓace. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta shimfiɗa ita ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. An yi ƙa'idar ne don masu raunin gani, amma a ƙarƙashin ranar Katsina kowa ya shiga sahunsu. Haka maɓallai: Google na ba da shawarar kada abin dannawa ya gaza maki 48 a tsawo da faɗi, wato kusan faɗin kan yatsa. Dattijon da ya danna "kuɗin makaranta" ya faɗa "tarihinmu" sau biyu ba zai gwada na uku ba, zai miƙa wa jikansa wayar ko ya haƙura.

To, a ce shafin ya buɗe, rubutu ya fito. Me baƙo ya tarar?

A nan ne hannun mai gida ya fi fitowa. Tun 1997 wani mai bincike, Jakob Nielsen, da abokin aikinsa John Morkes suka gwada yadda mutane ke karatu a intanet, suka gano kashi 79 cikin 100 tsallake suke yi suna neman abin da ya kawo su, kashi 16 kacal ke bin kalma bayan kalma. Wannan a zamanin kwamfutar tebur ke nan, balle yanzu. Mai shiga shafin otal tambayoyinsa ba su wuce huɗu ba: nawa ne ɗaki, a ina yake, akwai wuta da ruwa kwana, wa zan kira. Mai shiga na asibiti yana son sanin ranar da likitan ido ke zama da kuɗin kati. Abin da ake tarbarsu da shi kuwa jawabin shugaba ne, da manufofi da ƙudurori cikin Turanci mai nauyi da aka kwafo daga wani shafin, da hoton ranar da wani babba ya kawo ziyara. Ban ce a cire hoton Alhaji ba. A garinmu sanin mai abu na cikin abin da ke sa a yarda da abu, kuma wanda ya gina makaranta da guminsa ya cancanci a san shi. A ba shi shafinsa na musamman a ciki. Allon farko dai na mai tambaya ne.

Adireshi ma ana rubuta shi kamar don ma'aikacin gidan waya, lamba kaza, titi kaza. Mu kuwa da kwatance muke gane wuri. Wanda ya ce "bayan gidan mai, idan ka wuce Ƙofar Ƙwaya, layi na biyu hannun dama" ya fi taimakon baƙo, kuma da wannan kwatancen zai yi wa mai Keke Napep bayani. A haɗa da alamar wurin a Google Maps don wanda ya zo da motarsa. Lambar waya kuma a sa ta yadda dannawa ɗaya za ta kira, ko ta buɗe WhatsApp kai tsaye. Sau da yawa lambar na cikin hoton talla ne, sai mutum ya haddace ta, ya fita, ya buga, ya yi kuskuren lamba ɗaya.

Batun farashi ya fi sarƙaƙiya, kuma ina fahimtar 'yan kasuwar da ke ɓoye shi. Cinikinmu na tayi ne da albarka, kuma a 'yan shekarun nan farashi ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Mai kaya na tsoron ya rubuta kuɗi yau, mako mai zuwa wani ya zo ya ce ai haka na gani a shafinku. Yana kuma tsoron maƙwabcinsa ya gani ya rage naira ɗari biyu. Amma a duba ta ɓangaren mai saye. Idan ya ga "a tuntuɓe mu don jin farashi", abu biyu ke zuwa masa: ko dai kayan sun fi ƙarfinsa, ko kuma za a yanka masa kuɗi gwargwadon yadda aka ji muryarsa. Mai kunya ba zai kira ba, don kada ya tambaya ya kasa saye. Da a rubuta "daga naira kaza", a sa ranar da aka sabunta a gefe, da an rage wa kowa wahala, ƙofar ciniki kuma tana nan a buɗe.

Harshe kuwa, abin mamaki ne a ce kasuwancin da duk cinikinsa da Hausa ake yi a baki, shafinsa ba kalmar Hausa ko ɗaya. Waɗanda suka yi yunƙuri kuma wasu sukan zuba Turancin a injin fassara su kwashe abin da ya fito ba tare da wani ya karanta ba, sai ka ga jimla kalmominta na Hausa amma ba Bahaushen da zai faɗe ta. Akwai kuma matsalar haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutu na ado da ake saukowa ba su da su. Idan burauza ta rasa harafin sai ta aro daga wani salon, ya fito ya bambanta da 'yan'uwansa, ko kuma ta sa ɗan akwati a gurbinsa, "ƙofa" ta koma akwati da "ofa". Salo irin Noto na Google yana da su duka. Akwatin bincike na cikin shafi shi ma a gwada shi: mutane da yawa ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya, don haka wanda ya rubuta "kudi" ya kamata ya samu inda aka rubuta "kuɗi".

Kan abubuwan da ke faɗowa su rufe allo ba sai an ja magana ba, kowa ya sha su. Ka shigo ko layi ɗaya ba ka karanta ba, an tare ka da neman imel, an tare ka da neman izinin turo sanarwa, alamar rufewa kuma ƙanƙanuwa a lungu. Tun Janairun 2017 Google ya ce irin waɗannan shafuka na iya faɗuwa ƙasa a sakamakon binciken waya. Abin da ya fi shafar mu shi ne irin tallan. Masu shafukan labarai na Hausa sukan jona da dillalan talla na intanet su bar musu wuƙa da nama, sai ga tallan caca ko hoton da bai dace ba a tsakiyar labarin rasuwa ko na tafsirin azumi. Mai karatu bai san wani dillali ba. A wurinsa mai shafin ne ya sa, kuma ba zai tura wannan labarin a zauren WhatsApp na danginsu ba. AdSense, tsarin talla na Google, na ba da damar toshe rukunin tallan da ba a so. Kuɗin shiga na iya raguwa kaɗan, mai shafi ne zai auna wanne ya fi masa.

Inda aka fi yin asarar wanda ya riga ya yi niyya shi ne wurin cike fom. Wannan mutum ya jure nauyi, ya samu abin da yake nema, ya yanke shawarar saye ko rajista, sai a ɗora masa tsarin da aka kwafo daga wata ƙasa. A ce dole ya buɗe asusu da imel, alhali imel ɗinsa mai shagon waya ne ya buɗe masa ranar da ya sayi wayar, bai ma san kalmar sirrinsa ba. A ce dole ya sa lambar yankin gidan waya. A ba shi gurbin "sunan iyali", shi kuwa sunansa da na mahaifinsa da na garinsu yake amfani da su, yau ya sa wannan gobe ya sa wancan, takardunsa su riƙa saɓa wa juna. Ya rubuta lambarsa da sifili a farko, fom ya ƙi karɓa, bai kuma gaya masa cewa da 234 yake so a fara ba. Sannan babbar musiba: ya cike gurabe ashirin, sabis ya ɗauke daidai lokacin turawa, shafi ya dawo fanko. Masu shagunan kafe da ke kusa da manyan makarantu da wannan wahalar suke cin abinci, don mutum ya gwammace ya biya wani ya sha ta a madadinsa.

Duk gurbin da aka ƙara a fom, an ƙara wurin da wani zai tsaya ya fasa. Mai sayar da turare ba ya buƙatar ranar haihuwar kowa. Suna, lambar waya, unguwa, sun isa. Yanzu ma abin ya wuce ladabi ya zama doka: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi kada a karɓi bayanan mutum fiye da abin da aikin ke buƙata. Shafin da ya nemi NIN ko BVN ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, mutanen da suka sha jin labarin 'yan damfara rufe shi za su yi, kuma sun yi daidai. Wajen biya ma haka. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare, har mai shayi na da lambar asusu a jikin teburinsa. Shafin da ya ce sai dai a sa lambobin katin ATM ya rufe ƙofa ga masu yawa, alhali kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave duk suna karɓar tiransifa da USSD.

Yarda ita ce jarin da shafi ya fi saurin ɓarnatarwa. An yi ta yaɗa shafukan bogi na ɗaukar aiki da na rabon tallafi, har mutane sun koyi shakka, kuma ƙaramin abu ke tayar da ita. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke yi wa duk shafin da ba ya ɓoye bayanan da ke wucewa tsakaninsa da baƙo alamar cewa ba shi da tsaro. Takardar shaidar da ke kawar da wannan kyauta wata cibiya mai suna Let's Encrypt ke ba da ita, tana sabunta kanta idan an saita ta daidai. Idan ba a saita ba, ranar da ta ƙare baƙo zai tarar da gargaɗi ya cika allo, ya ɗauka an yi wa shafin kutse. Sai hotunan aro: makaranta a Katsina, amma yaran da ke shafin farko Turawa ne a wani aji mai kafet. Uba na son ganin ajin da ɗansa zai zauna, ko da bencin katako ne. Wani shafin ma za ka tarar da rubutun cike gurbi na Latin da ya zo da zubin ba a goge ba, ko "sababbin labarai" da na ƙarshensu ya shekara uku. Mai gani zai ce ko dai wurin ya rufe, ko kuma masu shi ba su damu ba.

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa za a wahala? Mai atamfa na cinikinta a WhatsApp da Instagram lafiya lau, mai gyaran waya na samun jama'a ta TikTok. Gaskiya ne, kuma ƙananan sana'o'i da yawa ba sa buƙatar shafi. Gara babu da a yi wanda zai zubar da mutunci. Amma makaranta, asibiti, otal, kamfanin taki da iri a Funtuwa, ƙungiyar da ke neman tallafi daga waje, waɗannan ana neman su a Google, kuma wanda bai san kowa a garin ba da abin da ya gani zai yi hukunci. Su ma sai su sani cewa da WhatsApp ake auna su: yana buɗewa nan take, ba ya cin data sosai, ana tambaya a samu amsa da muryar mutum. Shafin da bai kai nan wajen sauƙi ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan matasan da ke wannan aiki. Da yawansu da kansu suka koya, wasu suna karatu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman suna haɗawa da sana'ar, kuma sun san abin da ya dace. Amma idan yaro ya kawo shafi mara nauyi, mai farin bango da farashi da lambar waya, sai a ce masa, "Wannan ai ba ka yi aiki ba, ina abin da ke motsi?" Ya koma ya ƙara abin da ke motsi. Gwajin da ya kamata a yi kafin a karɓi aiki ba ya cin ko kwabo: a ba maigadi ko direba adireshin, a wayarsa, da datarsa, a tsakar gida, a ce ya nemo kuɗin aji ɗaya ya kuma kira ofis daga shafin. Kada kowa ya nuna masa inda zai danna. Inda ya tsaya yana jujjuya waya, nan gyara yake.

Sauran matsalar a yarjejeniya take. Ana ɗaukar shafi a matsayin aikin da ake yi sau ɗaya a gama, alhali sunansa da wurin ajiyarsa duk haya ce, galibi ta shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, na .com kuma ta hannun dillalai ake yankarsu, amma ƙa'idar ɗaya ce: wanda imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai abu, kuma shi ake tura wa tunatarwar biya. Sau tari mai ginawa da nasa imel ɗin yake yi, don ya fi masa sauƙi. Shekara ta zagayo, ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja ya canza layi, tunatarwa na ta shiga akwatin da ba wanda ke buɗewa a makarantar. Ba wanda ke da kalmar sirrin da zai canza ko da kuɗin zango. Kafin a biya kuɗin farko ya kamata a rubuta cewa rajista da imel ɗin ma'aikata za a yi ta, a miƙa kalmomin sirri ga mutum biyu, a koya wa wani a ofis yadda ake sauya farashi da sanarwa, a kuma faɗi wanda zai biya sabuntawa da watan da za a biya. Idan wa'adi ya wuce, akwai 'yan makonni na sassauci, daga nan kuɗin fansa ya ninka, daga nan kuma sunan ya koma kasuwa, kowa na iya saye. Akwai masu sana'ar bibiyar irin waɗannan sunaye, su saye su cika su da talla, ko su nemi tsohon mai shi ya fanshe da tsada.